Shekarar da Iya Ta Ajiye Magoginta

Na san abin da ake faɗa a Aujara, kuma na san ya iso kunnuwanku. Wai akwai shekarar da na kori mahaifiyata daga gidana a Dutse saboda wani likita ya hure mini kunne. Waɗanda suka fi kowa zaƙewa a maganar ba sa nan lokacin da aka yi, wasunsu ma ko haihuwarsu ba a yi ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku tun da sauran ganina, ku ji daga bakin wanda ya ɗauki ƙullin kayanta ya kai ta tasha. Iya ta tafi, wannan gaskiya ne. Amma ba korarta aka yi ba, kuma ta dawo, sai dai labarin dawowar ba shi da daɗin yayatawa, shi ya sa ba wanda ya ba ku.

Mun koma Dutse ne bayan an yanke Jigawa daga Kano, aka kwaso mu ma'aikata aka zube a garin da bai shirya karɓarmu ba. Ni ina sashen awon hanya, yau ina Miga, gobe ina Garki, sai ƙarshen mako nake ganin gida. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da rumfar kara a gindin duwatsu, inda in rana ta take dutsen ya sha zafi, sai ya dinga hura mana shi har bayan magariba. Bayan rasuwar kakanku sai na ɗauko Iya ta zauna da mu. Ni ne ɗanta na fari, don haka har ta bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni sai ta ce "kai", in ranta ya yi fari ta ce "Na Dutse".

Iya da goro kuwa, sai dai wanda ya gani. Haƙoran sun riga sun tafi, amma wannan bai raba su ba. Tana da magogi da aka yi mata da murfin gwangwani, aka huda shi da ƙusa, kullum yana ƙulle a bakin zaninta. Ta ɓare goro ta goga a tafin hannu, ta watsa a baki, sannan a yi magana da ita. Kafin wannan, ko gaisuwa ka yi sai ka ji kamar ka yi laifi. Goronta yana cikin tsumman buhu mai danshi a ƙarƙashin randa, tana juya shi tana duba shi fiye da yadda take duba mu. Duk wanda ya shigo gidan, babba ko yaro, sai ta ɓantara masa. A wurinta wanda bai ba ka goro ba bai yi murna da zuwanka ba.

Yayarku Ummi sunan Iya ta ci, Hauwa, shi ya sa muke sakayawa. Iya kuma ba ta kiranta da komai sai "takwara". Tabarmarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, faɗansu ma nasu ne su biyu, in ka shiga kai za ka ji kunya. Ummi ta fara sakandare ke nan abin ya same ta. Ta dawo daga makaranta da rana, ta kishingiɗa a rumfa, barci ya fara ɗaukarta, sai jikinta ya sandare ya kama karkarwa, idanu suka juye. Innarku ta kwarma ihu, maƙwabta suka cika gidan. Ina Miga aka aiko mini. Kafin in iso ta farfaɗo, tana zaune tana kallon mutane ba ta san me ya tara su ba. Bayan 'yan makonni ya sake dawowa, shi ma daidai lokacin da barci ya fara fizgarta.

Kowa ya kawo tasa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce an yi mata baki saboda ƙoƙarinta a makaranta. Mun yi addu'a, mun karɓi rubutu, mun kuma kai ta asibiti a nan Dutse, aka ce farfaɗiya ce, aka ba ta wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Sunan ciwon kaɗai ya isa ya rage mana baƙi. Matan da ke aiko yaransu wasa suka daina, wata ma ta ja innarku gefe ta ce a ware wa Ummi moɗa, wai ana ɗauka ta yawu. Iya na jin haka ta kira Ummi ta ba ta ruwa, ta karɓi moɗar ta shanye ragowar a gaban matar, ta goge baki ta ce:

"To, sai ki dawo gobe ki ga ko na faɗi."

Na faɗa muku wannan ne don ku san wace ce Iya kafin ku ji abin da ya biyo baya. Ba wanda ya so Ummi kamarta, har ni da na haife ta.

Ƙwayar asibiti tana sa Ummi kasala da gyangyaɗi. Iya kuwa ta riga ta lura da abin da dukanmu muka lura da shi, cewa ciwon ba ya zuwa sai a bakin barci. Sai ta yanke nata hukuncin. Wata Juma'a na dawo na tarar da su a rumfa suna tsince wake, Ummi tana tauna wani abu tana yamutsa fuska. Iya ta ce da ni:

"Abin nan a ƙofar barci yake laɓe yana jiranta. To ba za ta je ba, sai ya gaji ya tafi."

Daga ranar barcin rana ya haramta ga Ummi. Da ta fara lumshe ido, sai magogi ya fito. Da yamma a aika wurin mai shayi a karɓo mai kauri, baƙi ƙirin. Bayan isha Iya ta riƙe ta da tatsuniya da ɓarar gyaɗa, kuma tun kafin kiran assalatu ta tashe ta, don a rage wa ciwon lokacin da zai same ta a kwance. Kada ku yi dariya. Duk wanda ya ji dabarar a unguwa sai ya jinjina kai ya ce tsofaffi sun san abin da suka sani. Maganar ta hau hankali: a barci yake zuwa, a hana barci. Goro kuma ai ba wani abu ba ne, abin da ake miƙa wa baƙo ne.

Sai dai Ummi ta dinga lalacewa a kan idonmu. Idanu suka faɗa, hannu yana rawa in ta riƙe biro, ta ce ƙirjinta yana bugawa. Yarinyar da ba ta da hayaniya ta koma ko ƙannenta suka taɓa ta sai kuka. Ciwon da ke yin makonni bai zo ba ya koma zuwa a kai a kai, har ya daina jiran barci. Ranar da ya kayar da ita a aji ta fasa goshi, shugabar makarantar ta kira ni ta ce, cikin ladabi dai, a bar ta a gida tukuna. Na san irin wannan "tukuna", daga ita ba a cika komawa ba. A ranar na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin na fara tunanin ba makarantar kaɗai za mu rasa ba. Iya kuma da ta ga ciwon ya ƙaru, sai ta ɗauka goron ne bai isa ba, ta ƙara.

Daga asibitin Dutse aka tura mu Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa. Dattijo ne mai furfura, ba ya sauri, yana magana yana kallon mara lafiya ba takarda ba. Ya yi tambayoyi ya gaji, ya ce shi abin da bai gane ba, ƙwayar da aka ba ta daidai ce, bai kamata ciwon ya ƙaru ba.

"Malam, ban da ƙwayar nan tana shan wani abu?"

"Babu, likita. Sai rubutu da zuma."

Kuma har ga Allah gaskiyata na faɗa. Da za a tara mutanen Aujara kaf a yi musu tambayar nan, ba wanda goro zai faɗo masa a rai. Sai ya ce Ummi ta buɗe baki ya duba inda ta ciji harshe. Ya haska, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Yarinya ƙarama da jajayen haƙora haka? Wa ke ba ta goro?"

"Kakarta ce. Ai goro ne kawai, don kada ta yi barci."

"Don kada ta yi me?"

Na kwashe dabarar Iya na faɗa masa, har da ɗan alfahari. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce in gyara zama. Abin da ya gaya mini na riƙe shi har yau, domin na maimaita shi a raina tun daga Kano har Wudil har gida. Ya ce tun daga lokacin da mutum ya farka, ƙwaƙwalwa tana aiki tana tara wani sinadari da suke kira adinosin. Yana da wuraren zamansa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in ya zauna sai su rage gudu. Yawansa shi ne nauyin idon da muke ji, in aka yi barci sai ya ragu, a tashi garau. Ya ce kuma ba barci kaɗai ne aikinsa ba. Farfaɗiya jijiyoyi ne ke tashi gaba ɗaya su ƙwace, to a lokacin ƙwaƙwalwa tana zubo wannan sinadari da yawa, yana cikin abin da ke tsayar da abin.

"Kai ma'aikacin hanya ne, ka san birki. To shi ne birkin da Allah Ya sa mata a kai. Abin da ke cikin goro da shayi yana kama da shi, sai ya riga shi zama a wurinsa, amma shi ba ya taka birkin. Gajiyar tana nan, an dai hana ta ji. Sannan rashin barci shi kansa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon."

Ya ƙara da cewa ba goro ne ya kawo mata ciwon ba, kada in je in ɗora wa tsohuwa abin da ba ta yi ba. A janye shi a hankali, za ta yi ciwon kai na kwanaki, zai wuce. Ta ci gaba da shan ƙwayarta a kan lokaci. Sannan a bar ta ta yi barci, dare da rana, duk lokacin da ya zo mata.

Da na gaya wa innarku, sai ta ce:

"Ni dai ba da bakina ba. Mahaifiyarka ce."

Na jira aka yi la'asar, na sami Iya a rumfa na durƙusa. Na zagaya, na yabi ƙoƙarinta, na kawo maganar birki, na kawo ta wurin zama. Tana goga goro tana saurare har na kai aya.

"Wato ni ce nake ƙara mata."

"Ba haka na ce ba, Iya. Likitan ma ya ce..."

"Da goron nan aka ɗaura aurena. Da shi aka raɗa maka suna. Yau shi ne guba?"

"Ba guba ba ne. Ita ce dai bai dace da ita ba. Barcin ne maganinta."

"In ta rufe ido abin ya zo fa? Likitan zai taso daga Kano ya riƙe mata kai?"

Ban taɓa musu da Iya ba tun da na yi wayo. Ranar kaina yana ƙasa, na ce mata ta yi haƙuri, amma daga yau Ummi za ta yi barci a gidan nan, kuma ba za a sake ba ta goro don hana ta ba. Da ta buɗe baki, ba faɗa na ji a muryarta ba.

"'Yarka ce. Amma ba a gabana ba. Ba zan iya zama ina kallo ta lumshe ido ba. Gobe ka kai ni tasha."

Wannan ita ce korar da ake faɗa. Na roƙe ta, innarku ta roƙe ta tana kuka, Ummi ta riƙe mata zani. Ta ƙulle kayanta da magoginta ta koma Aujara wurin ƙanena, Baffanku Sale. Shi kuma ya ga uwa ta sauko daga mota ido jajur, bai tambayi ba'asi ba, ya daina amsa sallamata. Na sha zuwa gaishe ta in zauna a zaure kamar baƙo. Ta amsa a taƙaice, ta ce "ya mutanen gidan", ba ta ambaci takwararta ba. Daga baya matar Baffa ta gaya mini duk motar da ta zo daga Dutse sai Iya ta aika a tambayo ko an ga Ummi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Akwai lokutan da na ce a raina, in yarinyar nan ta faɗi a barci wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli Iya.

Ummi ta yi ciwon kan da aka faɗa, sannan ta kama barci kamar wadda ta yi noman gandu ita kaɗai. Innarku tana zaune a kanta da carbi. Ciwon ya zo, ba zan ce bai zo ba, amma sai tazarar ta fara buɗewa. Rawar hannu ta tafi, fuska ta ciko, ta fara tsokanar ƙannenta. Aka shiga wata na gaba lafiya, aka shiga na bayansa. Na koma wurin shugabar makaranta da takardar likita, ta ce a kawo ta.

A nan azumi ya kama. Abin da ya faru a Aujara matar Baffa ce ta ba mu labari. Kowace shekara farkon azumi wahala ne ga Iya, ba don yunwa ba, don goro. Kai ya yi ta sara mata, barci ya yi ta danne ta, ana kiran magariba kuwa daga dabino sai magogi. A wannan shekarar tana kwance da rana ta ɗaure kai da ɗankwali, sai aka ji tana magana ita kaɗai.

"Ashe barcin nan nawa ne. Goro ne ke tare mini shi."

Da aka sha ruwa matar Baffa ta miƙo mata goro, sai ta kawar da kai.

"Ajiye. Abin da aka yi wa takwarata zan gwada a kaina, in ji ko mutuwa ake yi."

Tsohuwar da ta fi shekarun aurena tana cin goro ta yanke shi rana ɗaya, abin da likita ma bai ce a yi ba. Sun ce kwanakin farko ko kaza ta gifta sai ta sha zagi. Baffanku ya roƙe ta ta ɗan taɓa ko ɓari ne, ta kore shi. Bayan nan kan ya saki, ta fara wani irin barci da ta ce rabonta da shi tun tana budurwa.

Sauran labarin kun san shi. Ummi ta gama makarantarta, ta daɗe tana shan magani, ga ta nan da 'ya'yanta kuna zuwa gidanta kuna cinye mata tuwo. Aurenta ya zo a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, aka yi shi ba kiɗa sosai, amma goro kam an raba shi har ya yi saura, domin ni ban taɓa hana goro a gidana ba. Aka kai wa Iya nata, ta shinshina, ta yaba kyansa, ta miƙa wa ta kusa da ita. Baffanku da kansa ya karɓi waliccin, mun daɗe da shiryawa. Magogin kuma shi ne wannan tsohon murfin gwangwanin da innarku ke goga citta da shi, wanda kuke ta cewa ta jefar.

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ta bayan ƙaramar salla da kwanaki kaɗan. Na dawo daga Garki da rana tsaka, gumi ya jiƙa ni, na zo zan yi sallama sai innarku ta tare ni a zaure da yatsa a baki. Ta nuna mini rumfa. Ga ƙullin kaya a jingine, ga ƙwaryar daddawa da kuka irin ta Aujara. A kan tabarma Ummi ce kwance tana barci, ko rigar makaranta ba ta cire ba. A gefenta Iya, ta jingina da ginshiƙi, hannunta ɗaya a kan bayan Ummi, mafici ya suɓuce daga ɗayan. Ta zo gadi ne, barcin ya kwashe ta ita ma. Tunda nake ban taɓa ganin Iya tana barcin rana ba sai ran nan. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na tsaya a wurin ban motsa ba, hawaye yana zubo mini, ni da gemuna.

Can sai maƙwabta suka fara daka. Iya ta buɗe ido firgigit. Ba ni ta fara kallo ba, bayan Ummi ta kalla, yana hawa yana sauka a hankali. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta gan ni tsaye da takalmi a hannu. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗaga mini hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na Dutse, ka tsaya kana kallon mutane. Je ka ce wa masu dakan can su dakata. Takwarata ba ta gama ba."

Na fita ba takalmi, ƙasa tana ƙona mini ƙafa, na je na yi sallama a gidan mutane na roƙi matansu su ajiye taɓarya. An aike ni wurare da yawa a rayuwata, amma ban taɓa zuwa aiken da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.